Alhaji Malik El-Shabazz: Ɗaurarren da Bai Koma Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai karɓar tuban bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A ƙetaren kogin Kaduna ta wajen kudu akwai gidaje biyu waɗanda hukuma ta gina domin gyaran halin masu laifi. Ɗaya shi ne sansanin fursunoni na Kakuri, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1950, zamanin mulkin Turawa, domin a sassauta wa masu dogon ɗauri tsaro, a koya musu noma, yadda in sun fita za su iya ci da kansu. Ɗayan kuwa shi ne gidan horon samari na Barnawa, wanda ake kira Bosta, da aka kafa a farkon shekarun 1960 domin 'yan shekara 16 zuwa 21, ana koya musu karatu da sana'a. Niyyar da aka kafa su a kai kyakkyawa ce. Amma duk da haka, babu alƙali ko gandiroban da ya daɗe a aiki face ya san waɗansu fuskoki da ake sallama bana, baɗi a sake kawo su da ankwa. In an yi zancensu sai mutane su ce ai hali zanen dutse ne, daga nan an rufe magana.

Saboda haka a wannan mako muka ga ya dace mu kawo tarihin wani bawan Allah mutumin Amurka, wanda ya yi sata aka kama shi, aka sake shi ya sake yi, har aka ɗaure shi, sa'an nan ya fito bai ƙara komawa ba, ya kuma rasu yana Alhaji, Musulmi na duniya suna yi masa addu'a. Shi ne Alhaji Malik El-Shabazz, wanda aka fi sani da Malcolm X.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 19 ga watan Mayu, 1925, a birnin Omaha, aka raɗa masa suna Malcolm Little. Mahaifinsa, Earl Little, baƙar fata ne mai wa'azin Kirista, mabiyin Marcus Garvey, watau mai kiran baƙar fata su tashi su dogara da kansu. Wannan kira ya jawo masa ƙiyayyar fararen fata masu wariyar launi. Iyalin suka yi ta ƙaura har suka zauna a Lansing, cikin jihar Mishigan, inda gidansu ya ƙone ƙurmus cikin 1929. A 1931 aka sami mahaifin a kan layin dogon cikin gari, tarago ya bi ta kansa, ya cika a daren. Hukuma ta ce haɗari ne, iyalinsa kuwa suka tafi a kan kashe shi aka yi. A lokacin Malcolm yana da shekara 6.

Mahaifiyarsu, Louise, ta yi ta fama da talauci da ɗawainiyar 'ya'ya ita kaɗai, har hankalinta ya taɓu. Wajen ƙarshen 1938 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda ta yi fiye da shekara 20. Aka raba 'ya'yan gidaje daban-daban. Shi Malcolm aka kai shi gidan tsare yara a wani ƙaramin gari mai suna Mason, yana zuwa makaranta daga can. Yaro ne mai kaifin basira, yana cikin na gaba-gaba a aji, har 'yan ajin suka zaɓe shi shugabansu, alhali kuwa kusan dukansu farare ne. Wata rana ya gaya wa malaminsa cewa yana so ya zama lauya. Malamin ya nuna masa cewa wannan buri ya fi ƙarfin baƙar fata, gara ya nemi kafinta. Tun daga ranar karatu ya fita daga ransa. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta, a 1941 ya koma Boston wajen yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya.

Shiga ɓarna

A Boston ya fara da gogen takalma a wani gidan rawa, daga baya ya sami aikin sayar da abinci a jirgin ƙasa, wanda ya riƙa kai shi Niyok. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A unguwar Harlem ya faɗa cikin 'yan caca da dillalan tabar wiwi da kawalai, ya koyi sana'arsu duka, ya koyi riƙe bindiga, shi kansa ya zama mashayin ƙwaya.

A ƙarshen 1944 aka gurfanar da shi gaban kotu a Boston saboda satar wata rigar sanyi da ya jinginar. Alƙali ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 3. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan wuri, domin za mu dawo kansa. An sake shi, amma ina ya nufa? Ya koma wurin abokan nan nasa na jiya, da ƙwayar jiya, ba sana'a, ba mai tsawata masa. Kafin rabin shekara aka sake kama shi a Mishigan bisa tuhumar sata. Zuwa ƙarshen 1945 ya haɗa ƙungiyar fasa gidajen masu kuɗi a kewayen Boston. A watan Janairu na 1946 ya je karɓo wani agogon sata da ya kai gyara, ya tarar 'yan sanda na jiransa. Aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10, bai ko cika shekara 21 ba.

Shekara shida da rabi a kurkuku

Gidan yarin da aka fara kai shi, Charlestown, tsohon gini ne tun na 1805, ɗakuna ƙuntatattu, ba ruwan famfo, bokiti ne makewayi. Shekararsa ta farko ta ƙare a fushi da neman abin maye ko ta halin ƙaƙa. Saboda yawan zagin addini da yake yi, fursunoni 'yan'uwansa suka laƙaba masa suna Shaiɗan. Wanda ya gan shi a wannan shekara, da an tambaye shi, da ya rantse cewa wannan saurayi a kurkuku zai ƙare.

Farkon alherin da Allah Ya nufe shi da shi ya zo ne ta hannun wani fursuna, John Bembry, tsohon ɓarawo wanda ya karantar da kansa. Malcolm ya lura cewa in wannan mutum yana magana, har gandirobobi sukan matso su saurara, ba don ƙarfi ko mugunta ba, sai don sani. Bembry ya nuna masa cewa yana da ƙwaƙwalwa, ya daina wasa da ita. Yayarsa Hilda ita ma ta matsa masa ya gyara rubutunsa, sai ya shiga darasin Ingilishi ta gidan waya.

Ita kuwa Ella ba ta zauna ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta yi ta kai da kawowa wajen hukuma har a 1948 aka mai da shi gidan yarin Norfolk. Wannan gida, kamar sansanin Kakuri, an gina shi ne a kan ra'ayin cewa ɗaurarre mutum ne da za a mayar cikin jama'a wata rana. Akwai babban ɗakin karatu, akwai azuzuwa, akwai ƙungiyar muhawara wadda takan kara da ɗaliban manyan jami'o'i. Da Malcolm ya ga yana buɗe littafi kalmomi suna gagararsa, sai ya karɓi ƙamus da takarda da fensir, ya shiga kwafe shi shafi bayan shafi, yana karantawa da ƙarfi. Da ƙarfe 10 na dare ake kashe fitilu, sai ya zauna a ƙasa bakin ƙofa yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa daga baranda, in ya ji tafiyar gandiroba ya koma gado, in ya wuce ya dawo, har wajen ƙarfe 3 ko 4 na asuba. Ya karanta tarihin bauta da na Afirka da na Asiya. A ƙungiyar muhawara kuma ya fara koyon tsayawa gaban jama'a.

A daidai wannan lokaci 'yan'uwansa suka shiga wata ƙungiya ta baƙar fata mai suna Nation of Islam, ƙarƙashin Elijah Muhammad. Wansa Philbert ya rubuto masa, ƙanensa Reginald ya aiko masa da saƙo ya bar cin naman alade da shan taba, sa'an nan ya zo da ƙafarsa ya ziyarce shi. Malcolm ya rubuta wa Elijah Muhammad wasiƙa. Shugaban ya ba shi amsa, har ya haɗa masa da dala 5, kamar yadda ya saba yi wa fursunoni. Ya bar taba, ya bar maye. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne durƙusawa gaban Ubangiji, domin sai da ya yi kusan mako guda yana kai gwiwa ƙasa kunya tana tashe shi.

Wajibi ne a nan mu bayyana wa mai karatu cewa aƙidar wannan ƙungiya a wancan zamani ɓatacciya ce. Suna cewa Allah Ya bayyana cikin surar wani mutum da ya kafa ƙungiyar, suna ɗaukar Elijah Muhammad manzo, suna kuma cewa farar fata shaiɗanu ne tun daga halitta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Musulunci ya yarda da shi. Amma su ne suka riƙa rubuta wa ɗaurarru wasiƙa, suna amsa tasu, suna jiransu a bakin ƙofa ranar fita.

Ranar fita

A watan Agusta na 1952 aka yi masa sakin talala, bayan shekara 6 da rabi. To, a gwada wannan saki da na 1944. Wannan karon bai koma Harlem ba, bai kuma zauna a Boston ba. Babban wansa Wilfred, wanda ke kula da wani kantin sayar da kayan ɗaki a Detroit, ya tsaya masa, ya samar masa aiki a kantin tun kafin ya fito, ya kuma sauke shi a cikin iyalinsa. Gida ne mai tsari, ana tashi da wuri, ana tsarki, ana ibada tare, kowa ya kama aikinsa. Daga kantin ya koma aikin masana'antar motoci. Da yamma yana wurin ibadar ƙungiyar, cikin mutanen da ba sa shan giya, ba sa caca, ba wanda yake goranta masa jiya.

A 1953 aka naɗa shi mataimakin limamin ƙungiyar a Detroit, a 1954 aka ba shi reshen Harlem, watau unguwar da ya taɓa sayar da wiwi. Ya bar sunan Little, domin suna ne na masu bayi, ya sa harafin X a madadin sunan kakanninsa na Afirka da ya ɓace. A 1958 ya auri Betty, Allah Ya ba su 'ya'ya mata 6. Bai ɓoye tarihinsa ba. Da shi yake jawo ɓarayi da mashaya, domin sun san ya san abin da suke ciki. Tsarinsu shi ne tsohon mashayi ya nemo mashayi, ya zauna da shi dare da rana har ƙwaya ta sake shi, sa'an nan shi ma a tura shi ya nemo wani.

Hajji da ƙarshen rayuwa

Sannu a hankali ya gano abubuwan da suka girgiza amincewarsa da shugaban ƙungiyar. A watan Maris na 1964 ya fita daga cikinta, a watan Afrilu ya nufi aikin Hajji. Kuɗin tafiyar Ella ce ta ba shi, daga abin da take tarawa domin nata Hajjin, ita da ta riga shi barin ƙungiyar ta kama tafarkin Sunna. A Jidda aka tsai da shi sai an tabbatar da Musuluncinsa. A can ne, mutumin da ya yi shekara 10 ana kiransa limami, ya gane bai iya salla yadda Musulmin duniya suke yinta ba. Bai yi girman kai ba, ya bi sahu yana koyo. Yarima Faisal, wanda ya zama Sarkin Saudiyya a ƙarshen wannan shekara, ya karɓe shi a matsayin baƙon gwamnati. A Makka da Mina da Arfa ya ga fari da baƙi suna ci a akushi ɗaya, suna kwana a tabarma ɗaya. Daga can ya rubuto gida yana sanar da cewa ya bar aƙidar la'antar wani jinsi ɗungurungum.

A watan Mayu na 1964 ya zo Nijeriya, ya yi lacca a Jami'ar Ibadan, inda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta raɗa masa suna Omowale, watau ɗa ya dawo gida da Yarabanci. Ya sake zagaya Afirka daga baya cikin shekarar, ya gana da shugabanni da dama. Ran 14 ga Fabrairu, 1965, aka jefa wa gidansa wuta iyalinsa suna barci, Allah Ya tsare su. Ran 21 ga watan, yana tsaye zai fara jawabi a wani zaure a Niyok, 'yan bindiga suka harbe shi gaban matarsa da 'ya'yansa. Shekarunsa 39. Aka yi masa sutura da salla irin ta Musulunci. An ɗaure mutum 3 'yan tsohuwar ƙungiyarsa saboda kisan, amma a 2021 kotu ta wanke 2 daga cikinsu. Bayan rasuwar Elijah Muhammad a 1975, ɗansa Warith Deen ya ja mafi yawan mabiya zuwa ga Musulunci na gaskiya, hanyar da Alhaji Malik ya riga su bi. Daga fitarsa a 1952 har rasuwarsa, shekara 12 da rabi, bai sake kwana a kurkuku saboda laifi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Abin da ya rage gare mu

Mutum ɗaya ne aka saka a 1944 da 1952. A na farko an mai da shi inda ya lalace, a na biyu ya fito da ilmi da tuba, ya tarar da ɗaki da aiki da jama'a suna jiransa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. A hadisin nan na mutumin da ya kashe rai 100, malamin da ya tambaya bai tsaya ga yi masa bushara da tuba ba, sai da ya umurce shi ya bar ƙasarsa ta mugunta ya koma cikin mutanen kirki. Haka kuma Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An tsai da hukunci a kansa kowane karo, ba a kuma fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Ta fuskar hukuma an yi wani yunƙuri. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma ba da damar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin hidimar jama'a da sakin talala da sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa ta buɗe rassa a waɗansu gidajen yari. Amma kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma cunkoson da wannan ya haifar yana haɗa yaron da ya saci waya da ƙasurgumin ɗan fashi a ɗaki ɗaya. Ga shi kuma masaƙun Kakuri, waɗanda da suke ɗaukar dubban ma'aikata, sun durƙushe: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu suka bi bayanta. Wanda bai taɓa laifi ba ma da ƙyar yake samun aiki, balle mai tabon gidan yari.

Saboda haka nauyin ya dawo kan dangi da unguwa da masallaci. Mutanen da aƙidarsu ta ɓaci sun iya rubuta wa ɗaurarre wasiƙa. Mu da Allah Ya ba aƙida sahihiya, masallatan Juma'a nawa ne a Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa suka san adadin 'ya'yan unguwarsu da ke tsare, da ranar da za a sallame su? Iyali da yawa sukan ɗauke ƙafa saboda kunya, har ɗansu ya gama wa'adi ba wanda ya leƙa shi. Ranar fita ba mai tarbarsa sai abokan da suka kai shi, su ba shi abinci da wurin kwana, su kuma ba shi aikin da suka iya.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Ziyara da wasiƙa tun yana ciki, da littattafai, da malamin da zai riƙa zuwa koyar da tsarki da salla da karatu bisa izinin hukumar gidan. In sallama ta matso, dattawan gida su shirya inda zai sauka, in unguwarsu ce ta ɓata shi a kai shi wajen wani ɗan'uwa a wani gari. Masu garejin kanikanci da masu walda da teloli da kafintoci su karɓi mutum ɗaya ɗaya, liman ko mai unguwa ya tsaya masa. Wanda ya fito ba ko sisi fakiri ne, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma keken ɗinki ko akwatin kayan aiki ya fi masa amfani bisa kuɗin cefanen kwana biyu.

Mai shago zai ce, in na ɗauke shi ya yi mini sata fa? Tambaya ce mai kyau, kuma addini bai ce mumini ya zama wawa ba, bai kuma so a sare shi sau biyu a rami ɗaya. Ba a ranar farko ake miƙa wa mutum mabuɗin aljihun tebur ba. Amana mataki-mataki ake ba da ita, ana lura. Shi ma wanda ya fito a gaya masa gaskiya, cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da abin da aka ɗauka ko an nemi yafewa. Amma in kowa ya rufe ƙofarsa don tsoron sata, mutumin nan dai ba barin garin zai yi ba, kuma yunwa ba ta jiran a gama shawara. Satar da aka guda a shago ita ce za ta hauro katanga da dare.

Wilfred Little bai san ƙanensa zai zama wani abu a duniya ba sa'ad da ya share masa ɗaki. Abin da ya sani kawai shi ne ɗan'uwansa zai fito, kuma dole ya kwana a wani wuri. Akwai irin wannan ƙane yau a Kakuri da Barnawa, yana ƙidaya kwanaki.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya ba mu ikon karɓarsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.